Wa Zai Riƙe Babban Makulli

Litinin, 3 ga Maris

Shekara tara duk kalmomin sirrin kamfanin nan a hannuna suke. Na babbar kwamfutar kamfani, na ma'ajiyar bayanai, na shafin da kwastomomi ke yin oda. Mai so sai ya tako har teburina ya yi sallama. Yau a taro 'Yar Gaban Goshi, wadda ko wata biyar ba ta yi da zuwa ba, ta ce wannan tsohon yayi ne. Akwai wata manhaja, wai, da ake ɗorawa ta baƙin allo, inda muke rubuta umarni, ita za ta kulle sirrin duka ta riƙa ba kowa nasa. Manaja sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Ya ce kowa ya ɗora a kwamfutarsa, Laraba ta sama zai faɗi wanda zai riƙe babban makullin. Da can wannan ba abin tambaya ba ne.

Bara na kawo irin wannan shawarar, aka ce ba lokaci. Ko da yake a bakin ƙofa na faɗa wa Manaja, yana sauri.

Talata, 4 ga Maris

Ta turo takardar bayani, shafi biyu. Ban buɗe ba. Ni za a koya wa baƙin allo?

Laraba, 5 ga Maris

Na sauko da manhajar, na ɗora, ta ce ta zauna lafiya. Na rubuta sunanta a baƙin allon, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Na cire na sake ɗorawa sau huɗu. Mai lissafinmu, wanda da yatsa biyu yake bugu, tasa tana aiki tun safe, har yana cewa yarinyar nan akwai kai.

A gida na ba maman yara labari. Ta ce ita dai ta san kishi kumallon mata ne, ba ta san maza ma na yi ba. Na ce gyara nake nema wa kamfani. Ta ce to Allah ya ba da lada, ta ci gaba da ninke kaya.

Kishi ne. Nan dai ba mai karantawa.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yar Gaban Goshi ta zo wucewa ta leƙa allona. “Yaya, ka rufe tagar baƙin allon ka sake buɗewa?” Na ce yanzu nake shirin yi. Na jira ta fita. Ya yi aiki. Ashe layi na uku ne a takardar tata.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe na ce bari in nuna musu tsohon hannu. Makullai arba'in da ɗaya, wato kalmomin sirrin, na zuba cikin manhajar a ƙasa da awa guda. Ita ta rubuta cewa a bari manhajar ta tambaya, sai a shigar da sirrin a ɓoye. Na ga ɓata lokaci ne, na riƙa rubuta kowanne a fili a kan layin umarni. Da na gama na ɗauki hoton allon na tura zauren ma'aikata na waya, na sa “An gama” a ƙasa. Mutum ashirin da shida ne a zauren, har da direbobi. Makullin shafin oda na nan ɓaro-ɓaro a hoton, da wasu bakwai.

Minti biyu ta goge shi, ita ke kula da zauren. Ta zo ta ja kujera, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ba mu san wa ya gani ba, dole a canza takwas ɗin yau. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta yi min dariya ma da na fi samun sauƙi.

Muka zauna har la'asar. Za ta canza na biyar na riƙe hannun kujerarta, na ce in ta taɓa shi yanzu injin buga rasit na sito zai tsaya, motoci uku na lodi. Ba a rubuce yake ko'ina ba, ni na haɗa shi da hannuna. Ta ce, “To ka ga, ni ina zan san wannan?” Ta rubuta duk abin da na faɗa. Na ji daɗi, sai kuma na ji haushin jin daɗin.

Litinin, 10 ga Maris

Ta ce wa Manaja mun canza wasu makullai saboda ƙaura zuwa sabuwar manhajar. Ba ta ƙara ko kalma ba. Duk yini ina jira ta ƙara.

Laraba, 12 ga Maris

Manaja ya kira ni ni kaɗai. Ya ce ya yi tunani, ni ne babba, shekara tara ba a taɓa samun matsala daga wajena ba, makullin nawa ne. Abin da nake so in ji ke nan tun ranar Litinin waccan.

Na gaya masa zancen hoton. Duka, har da direbobin. Sai ya ce to wa nake gani ya dace. Na faɗi sunanta.

Ba wai ta fi ni ba ne. Aikin ne ya yi min yawa, kuma idona ya fara ba ni matsala. Gobe za ta nuna min yadda ake goge tarihin umarni, inda makullan da na rubuta a fili suke har yanzu, na ce mata ƙarfe tara in ina da sarari.

Ina da sarari.