Ƙwaryar Baffa Jauro Tana Gidan Habu

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, Baba, na zo maka da ƙarar Habu. Na san za ka yi dariya ka ce Rabi ba ta gajiya da kawo ƙarar ƙanenta. To wannan karon ba ta wasa ba ce.

A makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada wata ɗaliba ta tambaye ni, wai siyasar nan ta "mu talakawa, su manya" aƙida ce kamar gurguzu da jari-hujja? Na buɗe baki zan amsa, sai kai ka faɗo mini a rai.

Na tuna ka ɗauke ni a kwalekwale a dam ɗin Tiga, ka tsayar da tuƙi a tsakiyar ruwa ka nuna ƙasa. Ka ce nan garinku yake kafin a tashe ku don dam, nan masallaci, can kabarin Kaka. Ba tashin ne ya fi yi maka ciwo ba. Kullum maganarka ita ce, "Ko tambayarmu ba a yi ba."

Shi ya sa ranar da wani ɗan takara ya hau bayan a-kori-kura a kasuwa, ya ce talaka ne mai ƙasa, manya sun zauna a inuwa sun yanke masa hukunci, ka dawo gida idonka ja. Ka bi mutumin nan da ƙafa har Kiru. Inna ta yi ta tsiya, wai ko silifas bai saya maka ba. Ni ban taɓa ganin laifinka ba, Baba. Shi ne na farko da ya faɗi ciwonka a lasifika.

Amma na tuna da ka dawo na tambaye ka me zai yi da ruwan dam ɗin idan ya ci. Ka sosa ƙeya, ka ce bai faɗa ba tukuna.

Abin da na gaya wa ɗalibar ke nan. Aƙida tana da tsarin yadda za a yi da gona da kasuwa da makaranta. Ita wannan ba ta da shi. Ciwon da take taɓawa na gaske ne, wallahi na gaske ne, amma duk abin da ta iya shi ne raba mutane gida biyu. Wa zai shiga gidan "su" kuwa, sai wanda mai lasifika ya ga dama.

To Baba, yanzu Habu ne mai lasifikar. Kansila yake nema. Kuma ya iya magana, kai! Muryarka sak. Idan ya tsaya a teburin mai shayi yana zancen taki da ruwan rani, har ni sai tsigar jikina ta tashi. Sai dai da ya ga zancen shanu ya fi tara jama'a, sai ya ce shanun da ke cin gonaki duk na manya ne, makiyaya 'yan aikensu ne. Ka ga Baffa Jauro ya shiga gidan "su".

Baffa Jauro fa, Baba! Wanda ka ce shi ya ba ku bukka a rugarsu lokacin da ruwa ya tashe ku. Wanda duk kaka, in an gama girbi, yake shigo da shanunsa su ci kara su bar mana taki. Ya aiko da ƙwaryar nono, kai kuma ka mayar masa da ita cike da dawa. Ka sha gaya mana ƙwaryar Baffa ba ta komawa wayam.

Bana Habu ya kewaye gonar da ƙaya, don kada magoya bayansa su ga shanu a ciki. Na je na same shi, ya ce ban san siyasa ba. Raina ya ɓaci, na sa aka cire ƙayar ɓangaren da na gada, na je ruga na ce wa Baffa ya shigo da shanunsa nan.

Ya tsufa sosai, da sanda yake tafiya. Ya yi mini sannu da zuwa, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya ce gonar Malam Isa ba a taɓa buɗe masa rabinta ba. Zai jira mai gida ya kira shi. Kuka na yi a hanya.

Duk da haka ya aika da nonon, gidan Habu, tunda shi ne a matsayinka yanzu. 'Ya'yan Habu sun shanye tas, matarsa ta wanke ƙwaryar ta kife a kan rumbu. Karan gona yana tsaye yana bushewa. Habu bai mayar da ƙwaryar ba, amma ranar da matarsa za ta ba wani yaro ya kai, Habu ya ce a ajiye, ba a mayar da ita haka wayam. Da wannan kalmar nake rayuwa, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haɗa mu a Aljanna. Allah Ya ba Habu nasara in alheri ce gare shi, Ya kuma sa ya cika ƙwaryar nan da hannunsa tun Baffa yana da rai.

Taka har kullum, mai kawo ƙara,
Rabi