Tawul Mai Ɗumi a Ƙofar Lauya

Laraba

Zuwa ga Maman Lauya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta. Yaya jikin Inna? Kin ce hannun da ya shanye ya fara motsi, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe ta, ki ce surukinta yana yi mata addu'a.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Maganar ce ba ta waya ba, duk abin da na faɗa a gidan nan yarinyar tana ji. Direban motar kaya zai kawo miki. An ɗauke wuta, dutsen guga ya huce, shi ne na samu na zauna. Tun safe ƙafata ba ta huta ba.

Na yi wa 'yarki laifi. Ranar Litinin ba ta je makaranta ba, ta ce ba ta jin daɗi. Na ƙyale ta. Talata na dawo daga shagona na wanki da guga cin abincin rana, na tarar da ɗakinta a rufe, tukunya a kife, jakar makaranta a inda ta bar ta. Ga jarrabawar fita saura wata guda. Raina ya ɓaci. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata ragguwa, na ce tsoron jarrabawa ne, na ce tunda uwarta ta tafi ta mai da ni abin wasa. Yarinyar da muka sa wa Lauya don ba a kada ta a magana, ko uffan ba ta ce ba. Wannan shirun ne ya sa na tura ƙofar.

A ƙasa na same ta, ta naɗe kamar tsumma, gwiwa a ƙirji, ga bokiti ta yi amai a ciki. Na fita ba takalmi na kira maƙwabciyarmu mai ɗinki. Ta shiga ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baban Lauya, ciwon mara ne, na al'ada. Shekara biyu ke nan duk wata sai ta yi shi. Kai kana ina?"

Ina shago mana, ina kuma zan kasance.

Yau ta ɗan tashi, amma ba ta kallon inda nake. Na zauna da kalandar shago na ƙirga kwanaki, na ga na wata mai zuwa zai faɗo a makon jarrabawa. Don Allah ki rubuto min duk abin da kike yi mata, dalla-dalla, kamar kina koya wa wanda bai san komai ba, don haka ɗin ne.

Mijinki,
Baban Lauya


Asabar

Maman Lauya,

Ina gaisuwa. Yaya gajiyar jinya? Yaya Inna, tana iya zama da kanta yanzu? Ki shafa min kan Auta.

Takardarki ta iso, na manna ta a cikin murfin kwabar kwanuka. Na ji faɗan da kika yi min a shafi na biyu, na karɓa, ban da ta cewa.

Na sayo citta da kirfa da hulba da zuma. Kin ce a fara ba ta shayin kwana biyu kafin lokacin, sai na ce bari in gwada hannuna tun yanzu. Na farko da na dafa, ni da kaina da na kurɓa sai da hawaye suka zubo min. Ashe yatsa guda na citta kike nufi, ba hannu guda ba. Yanzu na iya.

Audugar mata ce ta ba ni wuya. Na shiga kantin magani na tarar da mutane, na sayi sabulu na fito. Na koma, na sayi man goge baki. A karo na uku matar da ke sayarwa ta ce, "Malam, ta matarka ce ko ta 'yarka?" Ta naɗe min a takarda ba ta ƙara ko kalma ba. Allah ya yi mata albarka. Sabulu dai yanzu muna da shi har ki dawo.

Kwalbar ruwan zafin da kika ce, na same ta a ƙarƙashin gado, murfin ya tsage, tana yoyo. Sai dabara ta zo min. Na ɗauki tawul na ninka huɗu, na bi shi da dutsen guga har zafin ya ratsa, na ɗora a kan ƙuguna in ji. Yana riƙe ɗumi kusan minti goma sha biyar. Na ware guda uku masu kauri, ɗaya na aiki, biyu na jira. Ƙuguna ma ya gode, don kwana biyun nan idan na sunkuya miƙewa aiki ne.

Tafiyar yamma da kika ce tana taimakawa, muna yi. Tana gaba ina baya, mu kai gada mu juyo. Tsakaninmu ba ya wuce ina kwana da sannu da zuwa. Na ba ta haƙuri sau ɗaya, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da kike ce min.

Na gaji, Maman Lauya. Wanki da guga na mutane, girki, shara, ga wannan shirun. Ban faɗa don ki taso ba. Inna ta fi mu buƙatarki.

Naki,
Baban Lauya


Alhamis

Zuwa ga Maman Lauya,

Sallama. Da fatan kun tashi lafiya. Na ji Inna ta taka da sanda har bakin ƙofa, alhamdu lillahi. Wannan takardar za ta yi tsawo, ki yi haƙuri.

Lissafina bai kuskure ba. Ranar Talata, ranar da suke da takardar jarrabawa biyu, ya zo mata tun da sassafe. Ina haɗa shayi na ji motsi a bayana. Ta jingina da bango, fuskarta duk zufa, ta ce, "Baba, ya fara." Ita da kanta ta faɗa min. Na kunna dutse a kan teburin falo, ina ɗumama tawul ina ajiyewa a bakin ƙofarta, tana miƙo wanda ya huce. Mun yi haka awa guda. Ta sha shayi rabin kofi, ta shafa man zaitun da kika ce, ta sa kayan makaranta ta ce mu tafi.

Ban buɗe shago ba. Na ɗauke ta a babur a hankali, duk ramin da muka faɗa sai na ji ta damƙe min riga. Na zuba shayi a fulas, na naɗe tawul biyu cikin bargo don su riƙe zafi. Na zauna a bencin mai gadi.

Ta rubuta takardar safe har ƙarshe. Da aka fito hutu ta zo ta zauna kusa da ni, ta saka tawul a ƙarƙashin rigarta, ta sunkuya, ta sha shayin. Na ga sauƙi a fuskarta, har ta yi gardama da ni a kan wata tambaya, na ce a raina Lauya ta dawo. Amma ta yamma ta fi ƙarfinta. Saura rabin awa malama mai sa ido ta fito da ita a kafaɗa. Tambaya biyu ta bari ba ta taɓa ba. Ba ta yi kuka don ciwon ba, don tambayoyin ta yi, ta ce ta san amsarsu.

Daga nan asibiti muka wuce, ban shawarci kowa ba. Muka yi layi har magariba. Likitar mace ce, ta saurare ta da kyau. Ta ce ɗumi da citta da tafiya duk suna da amfani, mu ci gaba, amma ciwon da ke sa yarinya amai da faɗuwa duk wata bai kamata a bar shi ga kicin kaɗai ba. Ta ba da magani, ta ce mu koma mako mai zuwa a yi hoton ciki. Ki kwantar da hankalinki, ta ce yawanci ba a samun wani abin tsoro. Jiya yarinyar ta rubuta takardarta lafiya. Ta ranar Talata kuwa sai abin da sakamako ya nuna.

To ga abin da ya hana ni sakat. Likita ta tambaye ta ko akwai mai irin wannan ciwon a gida. Ina bakin labule, na ji ta ce, "Mamana. Nata ma ya fi nawa, ita dai ba ta kwanciya."

Shekara goma sha tara muna ɗaki ɗaya. Na zauna a bencin asibitin ina tuno ranakun da na dawo na ce kin ɗaure fuska, da ranakun da na ce abinci ya makara, da yadda kike tsayawa a bakin murhu hannu ɗaya a kan bango. Na ɗauka haka tsayuwarki take. Ba zan tambaye ki dalilin da ya sa ba ki faɗa min ba, na san irin amsar da zan ba ki a lokacin.

Yanzu ga ki can kina ɗaga Inna kina kwantarwa, kina wanki, Auta a bayanki. Wa yake ɗora miki ruwa? Na tambayi Lauya kwanakinki, ta ce mako mai zuwa ne. Direba zai ba ki ƙunshi: sabuwar jakar ruwan zafi, citta, kirfa da zuma. Na yi waya da ƙanwarki, ta yarda za ta zo ranar Litinin ta karɓi jinyar Inna kwana uku. Kada ki ce mata ba komai. Ki kwanta.

Lauya tana gaishe ki. Ni ma zan je in ɗan miƙe bayana kafin a kawo wuta.

Mijinki,
Baban Lauya