Tikitin Da Ya Sauka Kafin Ya Tashi

Hajiya Kulu Lawwali,
Sashen Cututtukan Shuka,
Cibiyar Inganta Iri ta Marusa,
Katsina.
11 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Babban Darakta,
Cibiyar Inganta Iri ta Marusa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ZARGIN TIKITIN JABU DA MALAM BASHIR YA YI MANI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana a kan Jami'in Mulki, Malam Bashir Khalifa, wanda ya nemi a kore ni daga aiki, wata huɗu kacal kafin in yi ritaya.

1. Da amincewarka na halarci horo kan cutar gwaza a tsibirin Fiji. A hanyar dawowa, jirginmu ya tashi daga birnin Nadi na Fiji ranar Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe 9:40 na dare, ya sauka Los Angeles a bakin tekun Amurka ranar Talatar, ƙarfe 1:10 na rana.

2. Ranar 28 ga Yuli Malam Bashir ya ba ni takardar tuhuma. Wai ba a sauka kafin a tashi, saboda haka tikitin jabu ne, Fiji ma ban je ba. Har ya ja layi da jan biro, ya rubuta cewa ko motar Kano ba ta taɓa isa tasha kafin ta bar Katsina ba. Wannan, ranka ya daɗe, shi ne iyakar bincikensa.

3. Na amsa a rubuce. Nisan ya kai kilomita dubu takwas da ɗari tara, tafiyar awa goma da rabi ce, kuma agogon Fiji ya riga na Los Angeles da awa goma sha tara. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Na haɗa da fasfona mai hatimi. Ya maido mani da shi, wai hatimi ko a Ƙofar Kaura ana sassaƙawa.

4. Bai tsaya nan ba. Ya karanta tikitin a kantin cin abinci na ma'aikata, gaban masinjoji, ana ta dariya. Yanzu in na gifta sai in ji ana cewa ga Hajiya mai komawa jiya. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, tun yana yawo da gajeren wando, ko lattin minti biyar ba a taɓa rubuta mani ba. Wallahi abin ya yi mani ciwo. Ban zaci zan tsufa ina kare mutuncina gaban wanda duniyarsa ta ƙare a Jibiya ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a janye takardar tuhumar daga fayil ɗina kafin zaman kwamitin ladabtarwa na 20 ga Agusta, kuma ya ba ni haƙuri a kantin da ya tozarta ni.

Tun da kuma kwamitin zai zauna ne don tantance takardun jabu, ina roƙon kada a bar shi ya tashi hannu banza. A buɗe fayil ɗin Malam Bashir, shafi na uku. Takardar digirinsa tana nan, kuma ta ce Labarin Ƙasa ya karanta.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Taka mai biyayya,
Hajiya Kulu Lawwali,
Babbar Jami'ar Gona.