Hoton Ajin Malama Stoyanka

Zlatograd, 4 ga Maris

'Yata Velina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso. Wai yarinyar da na koya wa bambanta duwatsu ce yau take horar da malaman ilimin ƙasa a Plovdiv! Ki turo mai kyamarar ya ɗauki ajina yadda kika nema. Zan zo horon shugabancin. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ko shugabar sashe ba a taɓa ba ni ba.

Malamarki,
Stoyanka

Zlatograd, 19 ga Afrilu

Velina,

Ina gaisuwa. Malamai sittin a zaure, kika haska hoton bidiyon ajina a bango, kika ce, "Ku ƙirga kurakurai." Kika tsayar da hoton daidai inda hannuna yake rawa a kan taswira. Wani saurayi ya ce, "Ga girgizar ƙasa!" Aka kwashe da dariya, har da ke. Ina zaune a layin gaba da sabuwar rigata. Me na yi miki?

Stoyanka

Plovdiv, 27 ga Afrilu

Malama Stoyanka,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa ba ki cikin waɗanda za a ba takardar shaida. Hoton kuma za a ci gaba da nuna shi a sauran gundumomi, kin riga kin sa hannu kin amince.

Kin tambayi abin da kika yi. Ina aji shida, na zo daga gonar taba ban wanke hannu ba. Kika fito da ni gaban allo, kika ɗaga yatsuna, kika ce, "Yara, yau ba sai mun je bakin kogi ba, ga yumɓu ya kawo kansa." Kika kankare farcena a kan farar takarda, aka zagaya da ita tebur-tebur. Yumɓu ake kirana har na bar garin.

Ki huta lafiya.
Dakta Velina Karaivanova

Zlatograd, 3 ga Mayu

Velina,

Na gaishe ki. Darasin nan na tuna shi sarai, yara suna gane shi da sauri. Duk shekara nakan fito da yarinya ɗaya daga cikin 'ya'yan manoman taba. Kwana uku ina tunani, wallahi ban tuna da ke a cikinsu ba.

Ki gaida gida.
Stoyanka