Duwatsunka Suna Nan, Fuskarka Ce Babu

Zuwa ga maigidana, Malam,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ina rubutawa ne da ɗan ajamin da Baba ya koya mini, don na gaji da shiru, kuma babu wanda zan iya faɗa wa.

Na fita takaba. An yanke dawa, ɗari ya shigo, irin lokacin da kake so. Tudun Wada sai cika take yi, baƙi sun yi gini har bayan katangarmu. Akuyarka ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Akwatin ɗaukar hoton da Baturen safiyo, mai awon ƙasa, ya bar maka yana ƙarƙashin gado da ƙafafunsa uku. Masu rabon gado sun juya shi sun juya, ba wanda ya ce yana so.

Hotunan kuwa suna cikin adudu. Ga dutsen Kufena da kaka, ciyawa ta fara bushewa. Ga shi kuma da sanyi, ya tsaya fayau. Ga tafkin gindin dutse, dutsen kwance cikin ruwa kansa a ƙasa. Wannan ne sanadinka. Ka yi sammako ka shiga ruwa har gwiwa kana jiran ya lafa, ka dawo da tarin da bai sake ka ba. Dutsen da ba gudu zai yi ba, Malam, me ya hana ka bari rana ta ɗaga?

Ka yi wa mahaifinka alkawari ba za ka ɗauki surar abu mai rai ba, ka kuwa cika. Kai ka ba ni labarin yadda kake tsayawa, kanka cikin baƙin ƙyalle, har shanun Fulani su gama sha su wuce, har balbela ta tashi. Baturen ya nemi ya ɗauke ka hoto, ka ƙi. A lokacin daɗi na ji.

Yanzu fuskarka tana ɓace mini, kuma tsoro nake ji.

Ban taɓa kallonka ido cikin ido ba. Haka aka hore ni a gida. In na kawo tuwo, ƙafafunka nake gani. Na san fason dugaduganka, na san yatsunka da maganin wanke hoto ya baƙanta, na san ƙeyarka in za ka fita. Hancinka fa? Tabon nan na kumatu, a dama yake ko a hagu? 'Yarka ta buɗe baki, kullum tana tambaya yaya babanta yake. Na baje mata hotunan a tabarma. Ta dubi dutse, ta dubi ruwa, ta dube ni.

Kowa cewa yake kai da yayanka Malam Audu kamar an tsaga kara. Ran Juma'a ya zo duba mu. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, sai na ɗaga kai na zuba masa ido, na daɗe ban sauke ba. Ya rikice, ya kasa ƙarasa gaisuwar, ya tashi ya fita. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka, wai ƙasar kabarinka ba ta bushe ba ina neman wan miji. Inna, mahaifiyarka, ta daina amsa gaisuwata.

Su yi ta faɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na ƙare masa kallo daga goshi har gemu, ban ji komai ba. Fuskar wani mutum ce kawai. Ko kamarka ce, ko ba ita ba ce, ban sani ba, ba ni da abin da zan gwada ta da shi.

Duk zamanmu ɗaki ɗaya, me ya sa ba ka taɓa cewa in ɗago ba? Ni ma me na tsaya jira?

Sai mun haɗu, in Allah Ya yarda. Ranar, don Allah kai ka fara yi mini magana. Muryarka kaɗai zan gane.

Matarka,
Hajara