A Kan Ɓeraye Ne, Yaya

Glasgow, Nuwamba 1987

Yaya Iddrisu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Mma? Har yanzu tana fita da kokonta bakin titin Nima? Ni lafiya lau nake, sai dai barci da ba ya isa ta.

Na samu wasiƙarka. Ka ce Mma ta yanka rago, an raba waina a masallacin Maamobi, wai 'yarta likita ta gano maganin sikila. Yaya, abin da na rubuto shi ne maganin ya yi aiki a kan ɓeraye. Da muka gwada shi a jikin mutane, ya taɓa musu hanta, aka dakatar da mu. Shekarun da na zuba a kansa sun tafi ke nan. An ba ni wani sabon sinadari, na koma farko. Haka aikin yake, ba na ƙorafi, amma na gaji.

Kada ka faɗa wa Mma a gaban mutane. Sadakarta ba ta faɗi ƙasa banza ba, Allah Ya karɓa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙanwarmu Alima da sikilar da ke damun ta. Ka ce ta daina zuwa asibiti tana jiran nawa maganin. Don Allah ka sa ta a motar haya ta trotro da kanka, ka kai ta asibitin. Ka ce mata ina ƙoƙari, amma kada ta jira ni.

Ƙanwarka,
Memunatu