Ƙarshen da Direba Ya Kawo

Zuwa ga 'yata, 'Yar Ƙofa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da aikin kantin magani. Ni ma lafiya lau, sai dai gwiwa da kunne, su kam sun daɗe da yin ritaya ba su sanar da ni ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Saƙonnin murya da kika turo duk na saurara, abin da na tsinta a ciki kawai "ba za mu yarda ba" da sunan Mai Fitila.

Akwai wata jita-jita da na taɓa ji tun gashina yana baƙi. Wani mai kawo mini kayan gyaran talabijin ya tsaya yana kallon hoton Mai Fitila da kuka manna a ƙofar shagona, ya ce, "Allah sarki, yaron nan ai mutuwa ya yi a ƙarshe." Ban yarda ba. Mutumin da ke sayar mini da tsohon kaya yana rantsuwa sabo ne, shi zan yarda da shi a kan batun rai da mutuwa? Na ce ya ajiye kwalinsa ya kama gabansa.

Kin dai tuna yadda abin yake. Katun muke ce masa a lokacin, kafin 'ya'yanku su koya mana cewa anime. Duk yammacin da za a haska shi, yaran layinmu kaf suna kan bencina, wasu a ƙasa cikin wayoyi da matattun rediyo. Saurayi da fitilarsa ya shiga cikin dutse zai sake kunna wutar da ta mutu wa garinsu, ƙanwarsa kuma tana zaune a bakin ƙofa tana jiransa. Saura kashi na ƙarshe tashar ta daina haskawa, ta sa mana shirin kiwon kaji. Da mahaifinku, ƙanena, bai dawo daga tafiya ya ce ya ga ƙarshen a wani gari ba, da kun rushe mini shago.

To, na kalli wannan sabon da suka yi na cikar shekara talatin. Raina ya ɓaci. Sun wanke yaron tas, fuska sumul kamar an goge ta da mai, hanci ya ɓace. Waƙar buɗewa kuwa sun cika ta da kiɗa kamar ana sauke kwano daga mota. Sannan kafin mutum ya gyara zama, ga ƙanwar ta tsufa tana ajiye fitila a kan kabarinsa. Na kashe talabijin na zauna ina huci ni kaɗai.

Sai dai wata sabuwar jita-jitar ta iso ni, wai kin hana ƙanenki Auta shiga gidanki a kan wannan magana. Ita ma ban yarda ba. Ki rubuto ki ƙaryata.

Naki,
Baffa

*

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Maganin shafawa yana cikin ledar nan, kuma a shafa shi, ba a ajiye a kan talabijin ba.

Ba jita-jita ba ce. Na hana shi, kuma ko gobe ya zo zan hana shi.

Bari ka ji. Tun da aka saki abin nan, masoyan shirin ke ta faɗa a dandalin intanet. Wasu na zagin sabuwar muryar, wasu na kuka a kan launin fitilar, wani ma ya ƙona rigarsa mai hoton ya ɗauka a bidiyo. Ni na ce duk wannan ƙaramin abu ne. Na rubuta cewa babban zaluncin shi ne sun kashe wanda bai mutu ba. Mai Fitila ya fito daga dutsen, girarsa a ƙone, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙanwar ta ruga da kuka, shi kuwa abin da ya fara cewa shi ne, "Akwai sauran abinci?" Duk yaran shagonka sun tuna. Mai gyaran mota ya tuna, lauya ya tuna, malamar firamare har takalmin ta tuna na ƙafar hagu ne.

Baffa, dariya aka yi mana. Mutanen da ban san su ba, daga ko'ina, suna tambaya a wace duniya muka kalla. Wani ya liƙo wani guntun bidiyo mai dishi-dishi wai shi ne tsohon ƙarshen. A zamanin da kwamfuta ke sa matacce ya yi waƙa, da wannan za a rufe mini baki?

Duk na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne na Auta. A ƙarƙashin rubutuna, a gaban duniya, ya rubuta: "Yaya ki goge, kina ba mu kunya. Baba bai taɓa ganin ƙarshen nan ba, shirya mana ya yi, kin san shi da cika baki." Uban da ke kabari! Yaron da na goya, na wanke wa kashi bayan rasuwar Mama, shi ne zai kira Baba maƙaryaci don baƙi su tafa masa.

Ranar Asabar za mu taru a shagonka, mu yaran benci, mu ɗauki bidiyo. Kai ne babba, a gabanka Baba ya ba da labarin. Ka zauna a tsakiya ka faɗa wa duniya cewa ƙarshen da ya kawo shi ne na gaskiya. Kai ma ka ce ba ka yarda da mai kayan gyara ba.

'Yarka

*

Baffa, barka da aiki.

Na san ba ka jin waya, shi ya sa na buga wannan a wurin aiki. Ka yi haƙuri da gaisuwar a tsaye, raina a ɓace yake.

Don Allah ka yi wa Yaya magana. Ranar nan na je gidanta, ta taga ta amsa mini sallama. Ta taga, Baffa, kamar mai tallan gawayi! 'Ya'yanta na leƙena ta labule. Matata kuma watan haihuwarta ya kama, kullum tambaya take yaushe Yaya za ta zo, don ita ta yi alkawarin zama da ita a asibiti. Ba mu da wata uwa sai ita, ka sani. Me zan ce mata? Katun ya raba mu?

Kuma ni ban ga laifin sabon ba. Ya yi kyau. Inda tsohuwar ta ajiye fitila sai da na share ido. Duk duniya ta san yaron ya mutu, layinmu kaɗai ne aka bari a baya, kamar waɗanda ba a gaya wa an tashi daga kasuwa ba. Ina ganin ana yi wa Yaya dariya da hotunan jaki, ni kuma in yi shiru?

Na yarda bai kamata in rubuta a fili ba. Amma abin da na faɗa ba zan janye ba. Ni ban tuna wani benci ba, ina ƙarami. Abin da na tuna shi ne mutum mai tafiya kullum, ya dawo da warin man mota da labarai, kwana biyu ya sake ɓacewa. Ya ga giwa a kan titi, ya ga gadar da ba ta da ƙarshe, ya ga ƙarshen Mai Fitila. Direban babbar mota, yaushe ya zauna kallon katun? Ya ga yara sun taru ne, ya ga wurin yin suna. Yaya ta mayar da shi waliyyi, ni kuwa labari aka ba ni a madadin uba.

In ka shiga bidiyon nan, Baffa, da kai za a haɗa a yi dariyar.

Auta

*

'Yar Ƙofa,

Bayan gaisuwa. Maganin ya iso, na shafa, gwiwar ta ce a gaishe ki amma ba ta sauya ra'ayi ba.

Ba zan zauna a bidiyonku ba. Shagon naku ne, ku zo, bencin yana nan, ƙafarsa ɗaya ce kawai bulo ke riƙe da ita. Amma bakina ba za a ara ba.

Ki sake duba wasiƙata. Cewa na yi ban yarda da mai kayan gyara ba a ranar. Ban ce miki daga shi ba a sake faɗa mini ba. Bayansa wani mai hayar kaset ya faɗa, na ce masa kaset ɗinsa ma rabi suke tsayawa. Wata baƙuwa da ta kawo gyaran rediyo ta faɗa, ita kuwa sai na ƙara mata ƙarar rediyon. Magana in ta yi ta zuwa ƙofarka da ƙafafu daban-daban, ko ba ka ba ta wurin zama ba, ka dai san fuskarta.

Kuma ina fushi da ke, bari in faɗa ba kwana. Kakarku da ta rene mu da tatsuniya, in muka yi gardama a kan yadda labari ya ƙare, cewa take, "Ku kwanta, wanda ya mutu a ciki ma ya yi barci." Ba ta taɓa hana wani tabarma a kai ba. Ke kin rufe wa ɗan'uwanki ƙofa, matarsa na kan gwiwa yau ko gobe, a kan yaron da aka zana da fensir. Shi ma Auta na aika masa nasa kashin, kunnensa zai yi kwana yana zafi.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa.

Ashe kai ma. Shekara talatin kana zaune a kan magana kamar kaza a kan ƙwai, sai yau da ake jifana za ka ɗaga fiffike ka nuna mini rabi?

Ba a kan yaron fensir nake faɗa ba, kuma ka sani. Duk abin da Baba ya bar mini ke nan. Ba gida, ba hoto mai kyau, sai wannan yammacin da ya ɗora ni a cinya ya kwaikwayi muryar Mai Fitila yana tambayar abinci, har na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar Mama. In wannan ma cika baki ne, to me ya rage?

Mai kaya, mai kaset, mai rediyo, duk ban san su ba. In kana da wanda ya fi su, ka kira sunansa. In ba ka da shi, ka bar ni da fushina, kuma ka gaya wa Auta kada ya wahalar da ƙafarsa.

'Yarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Zauna kafin ki karanta.

Kin san dalilin da nake ce miki 'Yar Ƙofa? A shekarar da mahaifiyarku ta rasu, duk ranar da motar babanku ta tashi, ke kuma sai bakin ƙofata. Ba ci, ba wasa, Auta a bayanki, idonki a kan titi. Ko kashin Mai Fitila za a haska, sai kin zauna ta inda za ki ga allo da ido ɗaya, titi da ɗaya.

Mutumin da zan gaya miki ya ga ƙarshen da idonsa, a wata rumfar cin abinci ta bakin hanya. Ya ajiye mota da kaya ya roƙi mai rumfar ta bar tashar, don ya san akwai masu jira a gida. Ya ga wutar garin ta kama, ya ga dutsen ya rufe, ya ga yarinyar zaune a ƙofa har rubutu ya hau allo. Ya ce abincin bai ciwu ba, ƙato da shi yana kuka direbobi na kallonsa. Girar da takalmin a hanya ya ƙera su, yana tuƙi yana gwada muryar.

Ya ce mini, "Yaya, a ranar nan na san jibi zan sake tafiya. In na ce mata masu tafiya ba sa dawowa, wa zai ɗauke ta daga ƙofarka?" Washegarin labarin kuwa kika ci abinci har da neman ƙari.

Don haka ke ba ki yi daidai ba, yaron ya mutu. Auta ma bai yi daidai ba, an gani, kuma ba don suna aka sauya ba. Masu sabon shiri kuwa har gobe ina fushi da su a kan hancin.

Auta da ya miƙo miki takardar nan ta taga bai san abin da ke ciki ba, na liƙe ta da gam ɗin gyara. Na ce masa ya tsaya a ƙofa har ki gama. Kin fi kowa sanin zafin tsayuwar wurin. Ki buɗe, ki karanta masa da bakinki.

Kin ce in kira suna. A asibiti ne, ana saura kwana kaɗan, ya ce in riƙe har sai ranar da riƙewar ta fi faɗar ɓarna. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, wanda kuma na yarda da shi, ƙanena ne, direba, babanku.

Baffa